Ranar da Abbaji Ya Fitar da Mu daga Bakin Lai

Rawalpindi, 19 ga watan Agusta

Zuwa ga ƙanena Tanwir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Farzana da yara, ya kuma kawo maka sauƙin ciwon bayan nan da tuƙi ya sa maka. Mu nan sai godiya. Duk mutanen gidanmu suna raye, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran. Na san ka ga abin da ya faru a talabijin can Bradford, na kuma san ka yi ta buga waya ba ta shiga, domin layin unguwarmu har yau bai dawo ba. Saƙon da Mazhar ya aika maka ta bakin abokinsa bai wuce jimla biyu ba, ka san halin mijina da magana. Shi ya sa na nemi takarda na zauna, don abin da na gani ya fi ƙarfin waya.

Yanzu muna gidan Nigat, ƙanwar Mazhar, ta ba mu ɗaki biyu kafin namu ya bushe. 'Yata Uzma tana lafiya, sai dai littattafanta na kwaleji duk sun zama kunu, kullum tana shanya su shafi-shafi a kan igiya tana ƙunƙuni. Mazhar ya kwashi tari saboda aikin kwashe laka, amma ya fara sauƙi. Mahaifinmu Abbaji kuwa jikinsa ƙalau, yana cin gurasarsa, yana shan shayinsa da sukari cokali uku. Sai dai ban faɗa maka duka gaskiyar halinsa ba a wasiƙun baya, don kada in ɗaga maka hankali. Tun zuwanka na ƙarshe mantuwar ta yi nisa. Wani lokaci da sunan mahaifiyarmu Ammi yake kirana. Uzma ya ɗauke ta wata baƙuwa mai kirki da ke yawan zuwa gidan. Kusan kowace safiya sai ya tambaya ko an tatsi ɓaunar kiwonmu, alhali garken ya kai shekara ashirin da sayarwa. Ka riƙe wannan a ranka, don ka gane abin da zan ba ka labari.

Ni da kai mun taso mun sami rafin Lai a matsayin magudanar gari, baƙin ruwa mai wari da muke toshe hanci idan za mu haye gadar Gawalmandi. Amma ka tuna yadda Abbaji yake zaunar da mu a kan gadon igiya yana jera mana shi kamar mai jera dangi? Yakan ce Lai ba shi da uwa ɗaya. Ƙananan ƙoramu ne suke saukowa daga duwatsun Margalla, kowace da kwarinta, su haɗu a ƙasa su shigo garinmu, su ratsa ta bayan gidanmu, su faɗa kogin Soan, Soan kuma ya kai su babban kogi har teku. Yakan ce sa'ad da yake yaro ba a gina Islamabad ba, gonaki ne da daji tsakaninmu da dutse, ƙasa tana shanye rabin ruwan sama kafin ya iso. A Lai suke shayar da ɓauna, a nan suke wanka, har kifi suke kamawa da rawani. Mu kuwa sai mu dubi juna mu danne dariya, don ba mu iya ko kwatanta kifi a cikin wannan ruwan ba.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya sauko ne bayan sallar asuba. Watan Sawan ne, tsakiyar damina, ba wanda ya damu. Na ɗora shayi, na murza gurasa. Amma har hantsi ruwan bai yi numfashi ba, ba iska, ba tsawa mai yawa, zuba kawai yake yi kamar ana juye randa. Wajen ƙarfe goma na nemi Abbaji a kan gadonsa ban gan shi ba. Na same shi a sababbin ɗakunan nan naka na baya, ya buɗe tagar da ke kallon rafin, ruwa yana feshe masa gemu. Na kama hannunsa zan mai da shi, sai ya ce, da wata murya da na shekara biyu ban ji ba, "Ruksana, zo ki ga." Sunana na gaskiya ya kira. Ya nuna mini ruwan ya ce, "Dubi jansa. Wannan ba ruwan kwatamin gari ba ne, ƙasar dutse ce. Ƙorama ta farko ce ta iso, sauran suna bayanta." Na leƙa na ga lallai Lai ya yi ja kamar shayi mai madara, amma da sauran tsayin mutum biyu kafin ya kai bakin gaɓa.

Ya juyo ya fito tsakar gida yana kiran Mazhar, ya ce a kwance dabbobi. Mazhar ya ce masa a hankali, "Baffa, ai ba dabbar da za a kwance. Zo ka sha shayinka kafin ya huce." Abbaji ya dube shi ya ce, "To kwance matarka da 'yarka. Kai in ka ga dama ka zauna ka sha shayin." Mazhar ya ce in ma ruwan ya shigo, ai sai mu hau rufin ɗaki kamar yadda muka yi shekarun baya. Abbaji ya ce yau rufin ba zai isa ba. Gaskiya, Tanwir, ban san wanda zan bi ba. Ga mijina mai cikakken hankali, ga tsoho wanda jiya-jiya ya sa takalminsa a cikin tukunya. Amma idanunsa ne suka sa na yanke shawara. Babu wannan lalube da muka saba gani a cikinsu. Na ce wa Uzma ta ɗauko Alƙur'anin Ammi da jakar takardunmu da maganin Abbaji. Mazhar ya yi tsaki, ya kashe wutar gidan, ya biyo mu.

A ƙofa muka tarar da Malam Inayat, tsohon malaminka na lissafi, tsaye da laima yana kallon layi. Da ya gan mu da ƙunshi sai ya yi dariya ya ce wa Abbaji, "Yaya Sarwar, ina zuwa? Ko jirgin Annabi Nuhu za a je sassaƙawa? A ajiye mini wuri kusa da taga." Abbaji, wanda ya fi shekara bai gane shi ba, ya ce, "Inayat, kai ka iya lissafin allo, ni na iya na ruwa. Je ka fito da matarka, ƙafarta ba ta sauri." Dariyar ta tsaya masa a baki. Ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya juya cikin gida. Daga nan Abbaji ya bi ƙofa-ƙofa yana buga su da sandarsa, yana kiran mutane da sunayen iyayensu da suka daɗe da rasuwa. Wasu sun fito, wasu sun ce Allah ya ba shi lafiya suka rufe ƙofa.

Da muka kai mararraba, Mazhar ya nufi Layin Marina, tunda shi ne mai faɗi, mai kwalta, kuma shi ne ke fita babban titi. Ruwan da ke kansa bai wuce idon sawu ba. Abbaji ya tare shi da sanda ya ce, "Wannan ba layi ba ne, Kassi ce." Ba wanda ya gane. Ya ce ƙaramar ƙorama ce da take gangarowa ta nan ta faɗa Lai, a inda shagon Sabir tela yake nan yake kama kifi, kuma an sa mata bututu an rufe ta da kwalta shekarar da aka haife ka. Ya ce idan Lai ya cika, ba zai karɓi ruwanta ba, shi ne ma zai turo nasa ta ciki. Ni shekarata hamsin da biyu, tun ina yarinya nake bin wannan layi zuwa kasuwa, ban taɓa sanin a kan ruwa nake tafiya ba. Wani matashi ya ce lungun da Abbaji yake nunawa ai matsattse ne, kuma komawa baya yake yi. Abbaji ya ce, "Ɓauna ce ta fitar da shi, ba injiniya ba. Ku bi ni ɗaya-ɗaya."

Ka san lungun nan na bayan masallaci da muke tsoron bi saboda karnuka. Ta nan ya bi da mu, mu wajen arba'in, da mata da jarirai da matar Malam Inayat a kan kujera mutum biyu suna ɗauke da ita. Shi ne a gaba, ba ya ko tuntuɓe. Sau nawa na bi lungun nan ban taɓa lura hawa yake yi ba, sai ran nan da na ga ruwa yana gangarowa ta tsakanin ƙafafunmu yana komawa inda muka baro. Ya ɓulla da mu ta bayan tsohuwar maƙabarta, kan tudun nan mai cediya inda kakanmu Fazal yake kwance. Muka tsaya a ƙarƙashin itacen, a jiƙe sharkaf, wasu har sun fara cewa an wahalar da su a banza.

Ba mu yi rabin sa'a a nan ba muka ji ƙarar. Ba irin ta tsawa ba ce, daga ƙasa take zuwa, kana jinta a tafin ƙafa kafin kunne. Daga kan tudun ana ganin unguwar duka. Da idona na ga murafan ƙarfe na magudanar Layin Marina suna tashi ɗaya bayan ɗaya, jan ruwa yana fitowa ta ƙarƙashinsu tsayin mutum. Kafin mutum ya yi sallah raka'a biyu, layin ya zama kogi mai gudu, ya bi daidai lanƙwasar da Abbaji ya zana mana da sanda. Sannan Lai da kansa ya hau. Tanwir, ban san da wace kalma zan kwatanta maka ba. Wannan ɗan kwatamin da yara suke jefa dutse ya haye, ya buɗe har ba a ganin ɗaya gaɓar sosai saboda ruwan sama. Na ga motar haya tana juyawa a hankali kamar kwano a baho. Na ga ƙofofi da firij da gadaje. Na ga itace guda da saiwarsa yana tafiya a tsaye, tsuntsaye a kansa. Na ga ɓauna uku suna iyo, hancinsu kawai a waje, ba sa ko kuka. Gadar da muke bi mu je makaranta ta nutse, sai ƙarfen gefenta ke leƙowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun mutane. Na zaci za a yi ta kururuwa, amma ko jarirai sun yi tsit. Wani dattijo ya fara kiran sallah a hankali, ba lokacinta ba ne, ba wanda ya hana shi. Abbaji ya fita daga ƙarƙashin cediyar ya tsaya a fili, ruwa na dukansa, yana kallon rafin kamar mai duba baƙin da ya daɗe yana jira. Duk sa'ad da launin ruwan ya sauya ko ya ƙara tudu, sai ya ambaci sunan wata ƙorama ta dutse, ya ce ga ta nan ta iso. Ya ƙirga su har ya ce saura ɗaya, idan ta wuce zai fara janyewa. Malam Inayat ya matso kusa da shi, ya riƙe masa laima a ka, shi kansa yana jiƙewa. Ni kuwa tsoro da wani abu da ya fi tsoro suka cika ni. Na ji ƙanƙantata a gaban ikon Allah yadda ban taɓa ji ba ko a Arfa. Wajen la'asar, bayan wadda ya ce saura ta wuce, ruwan ya tsaya da hawa.

Ba kowa ne ya tsira ba. Sabir tela ya fito tare da mu, ya kawo iyalinsa har bakin lungu, sannan ya ce bari ya koma ya ɗauko kan kekensa na ɗinki, yanzu zai dawo. Ta Layin Marina ya bi. Bayan kwana biyu aka same shi can kusa da Soan. Shi ne ya ɗinka maka kayan angoncinka, ka sa shi a addu'a, kuma idan ka rubuto ka sa wa matarsa Kausar gaisuwar ta'aziyya, zan kai mata. Waɗanda suka rufe ƙofa yawancinsu sun tsira a kan benen maƙwabta, amma a unguwannin da ke ƙasa da mu an yi rashi da yawa. Allah ya jiƙansu.

Yanzu ga abin da na fi jin nauyin faɗa maka. Ɗakunanka biyu da madafar da ka gina don ranar dawowarku, babu su. Muna kan tudu muka ga ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinsu, suka durƙusa ta gaba kamar raƙumi, sannan suka kwanta. Na san shekarun da ka yi kana tuƙin tasi cikin sanyi kafin su tsaya, na san Farzana ce ta zaɓi launin tagogin. Na yi kuka dominku. Tsohon ginin gaba, na kakanmu, yana nan tsaye, ko da yake ruwa ya haye rufinsa, wato inda Mazhar ya so mu fake. Shi da kansa ya nuna mini lakar da ke kan rufin, daga baya ya je ya durƙusa gaban Abbaji ya kama gwiwoyinsa.

Kwana huɗu bayan haka muka koma da Abbaji, don ya matsa sai ya je. A inda ɗakunanka suke, ruwa ya kwashe ba ginin kaɗai ba, har da cikon ƙasa da sharar shekara da shekaru da aka yi ginin a kai. A ƙarƙashi sai ga matakala ta dutse, faffaɗa, goma sha huɗu, tana sauka har bakin ruwa, tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda sawun mutane. Duk unguwa aka taru ana kallo, ba wanda ya san da ita. Abbaji ya sauka a kai ba tare da na riƙe shi ba. Ya nuna gefen da matan Hindu suke ajiye tulunansu na tagulla, da gefen masu wanki, da dutsen da abokinsa Harnam, wani yaro mabiyin addinin Sikh, ya tunkuɗo shi daga kai ranar da ya koya masa iyo. Ya ce Harnam da iyayensa sun tafi shekarar da aka raba ƙasar nan gida biyu, da makullin gidansu a aljihu, suna cewa wata biyu za su yi.

A bangon gefen matakalar ya goge laka da hannu, sai ga zane uku a jikin dutse, ɗaya sama da ɗaya. Ya ce biyu na ƙasa kakanmu Fazal ne ya sare su, kowane a shekarar babbar ambaliya, na saman kuma shi ne ya sara da hannunsa kafin a haife ni. Ya ce Mazhar ya kawo guduma da ƙarfe a sa na bana. Mazhar ya ce, "Baffa, na bana ya wuce dutsen nan gaba ɗaya, ba inda za a sa shi." Abbaji ya ɗaga kai yana dubawa har idonsa ya kai bangon masallaci, inda laka ta bar layinta sama da tagogi. Liman yana cikin taron, ya ce a sa. Aka kawo tsani, Mazhar ya hau, Malam Inayat ya riƙe masa yana cewa ya karkata ta hagu, ya gyara. Abbaji daga ƙasa ya ce, "Ku sare shi da zurfi. Mu namu a ƙasa muka yi, shara ta rufe."

Saboda haka ina neman yardarka a kan abu ɗaya, tunda filin bayan rabonka ne. Ni da Mazhar muna ganin kada a sake gini a wurin. A bar matakalar a buɗe. Idan Allah ya dawo da ku, tsohon ginin zai ɗauki bene, mun tambayi magini ya duba tushensa ya ce zai ɗauka. Amma ba za mu taɓa komai ba sai mun ji daga gare ka, kuma idan ranka bai so ba, ka faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba.

Abu na biyu ya fi na farko. Hasken nan da ya zo wa Abbaji bai zauna ba. Washegarin ranar da aka sa alamar ya tashi bai san an yi ambaliya ba, yana tambayar me ya kawo mu gidan mutane. Na ba shi labarin yadda ya fitar da mutum arba'in, ya saurara da kyau, ya ce lallai wannan mutumin ya kyauta, ɗan wane gida ne? Amma shekaranjiya da hantsi, ina shafa masa mai a ƙafa, sai ya ce mini, "Tanwir ya iya ruwa kuwa? Ban koya masa ba. Da ya isa koyo, ruwan ya riga ya ɓaci." Na ce masa ka iya. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa. Kada ka jira sai bazara mai zuwa kamar yadda ka tsara. Ka nemi hutu ka zo cikin sanyin nan, ko na sati biyu ne, ka zauna kusa da shi ka ba shi amsar da bakinka.

Ka gaishe mini da Farzana da kyau, ka karanta mata wasiƙar nan a hankali. Ka shafa mini kan Haris da Mahnur, ka ce gwaggonsu tana sa musu albarka. Ka gai da Kawu Liyaƙat da iyalinsa idan kun haɗu ranar Juma'a. Mazhar da Uzma da Nigat suna gaishe ku, Malam Inayat ma ya ce lallai in sa sunansa. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri tun Abbaji yana iya kiran sunanka.

Yayarka mai yi maka addu'a kullum,
Ruksana